Kunshin darasin tarihin NAACP da ake sayarwa a Gusau: muryar ta yi, katunan sai an gyara

Wani shagon ɗab'i da ke bayan tsohuwar kasuwa a Gusau ya fito da kunshin koyarwa da Hausa a kan kafuwar NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta Amurka. Malaman sakandare masu koyar da Sibik da Gwamnati sun fara ɗauka, har ana aiko saƙo daga Kaura Namoda da Talata Mafara a saya a ba direba. Abu uku ne cikin jakar leda ɗaya: katuna 12 masu launi, girman A3, da aka yi wa laminashin, ɗan littafi mai shafi 64, sai memori mai darussa 11 na murya. Naira 14,000 ne idan an haɗa duka. Suna yarda su tura muryar kaɗai a waya a kan naira 1,500 ga wanda ya zo da memorinsa.

Kunshin ya ci kuɗinsa, amma ba kayan da malami zai miƙa wa ɗalibi ya juya baya ba ne. Wanda ya karanta darussan murya ya san tarihin nan ciki da bai. Wanda ya tsara katunan kuwa da alama bai taɓa zama ya saurari muryar ba, domin a wurare uku abin da kunne ke ji daban, abin da ido ke gani a bango daban, kuma yaro abin da ke bango yake kwafewa a littafinsa.

Jikin kayan tukuna. Ledar katunan siririya ce, irin mai kauri 80, ba mai 125 ba. A aji mai rufin kwano babu silin, zafin Maris da Afrilu zai naɗe su kamar tabarma kafin zango ya ƙare. Gefen ledar da aka bari bayan takarda bai fi milimita biyu ba a wasu katunan, alhali biyar ake so. Wannan ƙaramin gefe shi ne ƙofar ɓarna: da firintar tawadar ruwa aka buga su, don haka da zarar gefen ya buɗe da damina, laima za ta shiga, fuskokin mutanen su koma shuɗi-shuɗi. Kada a buga musu ƙusa, kada a huda cikin takardar. A ɗaure igiya daga taga zuwa taga a maƙale su da abin shanya, a sauke bayan darasi, a ajiye a kwance tsakanin kwali biyu da littafi mai nauyi a sama. Manyan kanun suna karantuwa daga bayan aji, amma ƙananan bayanan da ke ƙarƙashin hotuna ba sa wuce layi na uku. A kati na 4 da na 9 haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, an bar ɗan akwati a gurbin ƙ da ɗ, sai kalmar ƙungiya ta fito ba kai. Maka mai baƙin launi tana gyara wannan a kan ledar.

Littafin da fil biyu kawai aka kama shi a tsakiya, takardar kuma mai nauyin 70 ce. Shafi 64 ya yi wa fil biyu yawa, shafukan tsakiya su ne za su fara zubewa. A kai wa mai ɗinkin takalmi ya yi masa huda uku a ƙugu ya ɗaure da zaren liƙi, an gama.

Memorin 4GB ne, amma darussan duka ba su kai 120MB ba, kowanne tsakanin minti 18 zuwa 25, jimilla wajen awa huɗu. Suna buɗewa a ƙaramar waya mai madannai da sifikar caji. Matsalar sunayen fayil ce: an sa musu 1, 2, 3 har 11, to na'ura ba ta ƙirga kamar mutum, daga 1 sai ta tsallaka 10 da 11 kafin ta dawo 2. Mai sauraro zai ji an kafa ƙungiya, nan take ya ji ana maganar Najeriya, sannan a koma tarzomar da ta haifi ƙungiyar. A sa memorin a kwamfuta a mayar da sunayen 01, 02, 03. Wasu sifikun ma ba sa kallon suna, jerin yadda aka kwafa suke bi, sai a kwashe duka a sake zubawa ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatun Bazamfare ne, bai ɓoye harshensa ba, kuma hakan ya yi daɗi. Akwai wanga da shina da ɗiyan birni a bakinsa, ba ya sauri, ba a sa kiɗa a ƙarƙashin magana ba. Ya kuma kira sunan W.E.B. Du Bois, malami kuma marubuci baƙar fata, daidai, wato Du Boyis, yadda mutumin da kansa ya ce a kira shi, ba Dubuwa irin na Faransanci da wasu malamai ke koya wa yara ba.

Darasi na 2 da na 3 su ne zuciyar kunshin. Mai karatun ya fara daga Agustan 1908 a garin Springfield na jihar Illinois, garin da tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln ya zauna kuma aka binne shi. Wata farar mata ta ce baƙin mutum ya afka mata, zargin da daga baya ta janye. Taron fararen fata suka zo gidan yari a ba su fursunoni biyu, suka tarar an fitar da su daga gari, sai suka huce a kan unguwar baƙaƙe: ƙone gidaje, fasa shaguna, suka kashe wani wanzami mai suna Scott Burton da wani tsoho William Donnegan, suka rataye su. Abin da ya girgiza mutane shi ne wurin. An saba jin irin wannan a Kudu, inda aka yi bauta. Wannan kuwa a Arewa ne, a ƙofar gidan mutumin da ake yi wa kirari da 'yanta bayi. Wani marubuci farar fata, William English Walling, wanda danginsa a Kentucky sun taɓa mallakar bayi, ya je ya gani da idonsa ya rubuta a mujalla, ya rufe da tambayar ko akwai wata ƙungiya mai ƙarfi da za ta kawo ɗauki. Mary White Ovington, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke zaune cikin unguwar baƙaƙe a Niyok, ta karanta ta rubuta masa wasiƙa. A Janairun 1909 suka zauna su uku a ɗakin Walling, na ukun shi ne Henry Moskowitz. Suka jawo Oswald Garrison Villard, mai jaridar New York Evening Post, jikan William Lloyd Garrison ɗin nan da ya yi suna wajen yaƙi da bauta. Villard ya rubuta takardar kira, aka fitar da ita ranar 12 ga Fabrairu 1909, ranar da Lincoln ya cika shekara 100 da haihuwa. Mutum kusan 60 suka sa hannu, bakwai daga ciki baƙaƙe, cikinsu har da Du Bois da Ida B. Wells da Mary Church Terrell.

Duk wannan yana cikin murya, a jere, ba ƙari ba ragi. Sai ka ɗaga kai ka kalli kati na 1: hoton Du Bois ya cika rabin takarda, a ƙasa an rubuta cewa shi ne ya kafa ƙungiyar kuma shugabanta na farko. Rabin farko na wannan magana ya yi gajarta, rabi na biyu kuma ƙarya ne tsagwaronta. Du Bois bai taɓa zama shugaban NAACP ba. Lokacin da aka raba muƙamai a 1910, shugaba shi ne Moorfield Storey, babban lauya farar fata daga Boston wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar lauyoyin Amurka, kuma ya riƙe kujerar har ya mutu a 1929. Walling ya zama shugaban kwamitin zartarwa, John Milholland ma'aji, Villard mai fitar da kuɗi, Frances Blascoer sakatariya. Du Bois daraktan yaɗa labarai da bincike ne, shi kaɗai ne baƙi a cikin manyan masu muƙami. Ofishin ma ɗaki ne a ginin jaridar Villard, lamba 20 a titin Vesey.

Mun daɗe a kan wannan kati saboda dalili. Ɗalibi mai kaifin kai zai ɗaga hannu ya ce, Malam, yaya ƙungiyar baƙaƙe ta fara da shugabanni farare? Wannan tambaya ita ce darasin gaba ɗaya, kuma katin ya kashe ta tun ba a yi ta ba. Amsar tana cikin abin da ya faru da ƙungiyar da ta riga ta, wato tafiyar Niagara. A Yulin 1905 Du Bois da William Monroe Trotter, ɗan jarida daga Boston, suka tara mutum 29, duk baƙaƙe, masu ilimi, don su ƙi hanyar Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee, wanda tun jawabinsa na Atlanta a 1895 yake cewa baƙi ya riƙe sana'a da noma ya ƙyale maganar ƙuri'a tukuna. Manufarsu ta fito sarai, amma ba kuɗi, ba ofis, ba ma'aikaci mai albashi, ga Washington da ke da kunnen masu kuɗi da na jaridun baƙaƙe da yawa yana toshe musu hanya, ga kuma saɓani tsakanin Du Bois da Trotter. Cikin shekara huɗu zuwa biyar tafiyar ta mutu a tsaye. Abin da fararen 1909 suka kawo shi ne abin da Niagara ta rasa: ɗaki, jarida, lauya da kotu ke jin nauyinsa, da hanyar zuwa aljihun masu bayarwa. Abin da baƙaƙen suka kawo shi ne manufa da mutane. Ba kowa ya yarda da cinikin ba. Trotter ya ja baya, ya ce bai aminta da ƙungiyar da farare ke riƙe da ragamarta ba, ya ci gaba da tasa. Malamin da ya bar ɗalibai su yi muhawara a kan ko Trotter ya yi daidai ya fi wanda ya sa su haddace sunaye goma.

Kati na 3 ya ce an yi taron Niagara a Amurka. A gefen Kanada aka yi shi, a Fort Erie ta lardin Ontario. Taron shekara ta biyu, 1906, shi aka yi a Amurka, a Harpers Ferry. Muryar ta faɗi daidai.

Kuskure na uku na shekarar kafuwar ƙungiyar ne, kuma shi ne zai fi cutar da mai jarrabawa. Kati na 2 ya ce 1910, bangon littafin ya ce 1909, shafi na 21 ya kawo 1911 ba bayani. Duka ukun suna da gaskiyarsu, rashin jerawa ne. A 1909 aka yi kira, aka kuma yi taron farko a Niyok daga 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni, inda aka naɗa kwamitin mutum 40. A taro na biyu, Mayun 1910, aka ɗauki sunan NAACP aka raba muƙamai. A 1911 aka yi mata rajista a hukumance. Ita ƙungiyar da kanta 12 ga Fabrairu 1909 take ɗauka ranar haihuwarta, don haka shi ne amsar da za a ba yaro, sauran biyun a rubuta su a ƙasa a matsayin matakai.

Maganar kwamitin 40 ta kai mu ga inda murya da katuna suka yi tarayya a gazawa. Ida B. Wells layi ɗaya ta samu a littafin, ba ta da kati. Alhali kafin a yi mafarkin NAACP ita ce ta fara aikin da ƙungiyar ta yi suna da shi. A 1892 aka kashe abokanta uku masu kantin kayan masarufi a Memphis, ta shiga bin diddigin irin waɗannan kashe-kashe ɗaya bayan ɗaya tana bugawa, tana nuna cewa zargin fyaɗe da ake fakewa da shi sau da yawa ba ya nan. Aka farfasa ofishin jaridarta tana kan tafiya, ba ta koma zama a garin ba. Ta sa hannu a kiran 1909, ta yi jawabi a taron, amma da aka karanta sunayen 40 babu nata. An mayar da sunan daga baya, sai dai zumuncin bai sake ɗinkewa ba. A makarantun 'yan mata, inda za a fi son jin wannan, malama za ta buƙaci ta ƙara shi da kanta. Haka Ovington, wadda ta yi kusan shekara 40 tana yi wa ƙungiyar hidima kuma ita ke shiga tsakani idan maza sun hau dokin zuciya, an bar ta a matsayin mai rubuta wasiƙa kawai.

Rigimar cikin gida kuwa darasi na 6 ya taɓo ta da kyau, bai yi mata kwalliya ba. Mujallar ƙungiyar, The Crisis, ta fara fitowa a Nuwamban 1910 da kwafi 1,000, ana sayar da ita santi goma, Du Bois na edita. Zuwa 1919 ta kai wajen kwafi 100,000 a wata. Du Bois ya ɗauke ta tasa ce, Villard da ya zama shugaban hukumar gudanarwa yana ganin dole edita ya bi umarnin hukuma. Aka yi ta kai ruwa rana har Villard ya sauka, Joel Spingarn ya karɓa a 1914. Wannan gardama ta waye ke da bakin ƙungiya ba ta mutu ba. Ita ce ta fitar da Du Bois a 1934. Duk wanda ya taɓa ganin ƙungiyar matasa ta rabe a kan waye ke riƙe da shafinta na Facebook zai gane zancen ba tare da dogon bayani ba.

Yadda ragama ta koma hannun baƙaƙe, nan ma muryar ta fi katin. Ba juyin mulki aka yi ba, rassa ne suka yi yawa. A ƙarshen 1916 aka ɗauki James Weldon Johnson sakataren zagaye, ya shiga Kudu gari-gari yana buɗe rassa inda ake tsoron ko riƙe mujallar a fili. Mambobi suka tashi daga wajen 9,000 a 1917 zuwa wajen 90,000 a 1919, rassa fiye da 300, mafi ƙarancin kuɗin shiga dala ɗaya a shekara. Da kuɗin tafiyar da ƙungiya ya koma fitowa daga dalar talaka, murya ma ta koma can. A Agustan 1919 aka yi wa sakataren ƙungiyar, John Shillady, farar fata, dukan kawo wuƙa da rana tsaka a Austin ta jihar Texas, bai sake dawowa daidai ba, ya ajiye aiki. A 1920 Johnson ya zama sakataren zartarwa, baƙi na farko a kujerar da ita ce ke tafiyar da aikin yau da kullum. Mataimakinsa Walter White, wanda ya shigo a 1918, baƙi ne ta asali amma fatarsa fara ce, idonsa shuɗi, har yana shiga garuruwan da aka yi kisa ya zauna da waɗanda suka yi suna ba shi labari a zaton nasu ne. Shi ya gaji Johnson, ya riƙe har 1955. Kati na 7 ya jera hotunansu ba shekaru, sai a rubuta da maka.

Ga masu shirin kafa ƙungiya, babin shari'o'i, shafi na 33 zuwa 48, shi kaɗai ya isa dalilin sayen littafin. An fara da Pink Franklin, manomi a jihar Carolina ta Kudu mai noma gonar wani a raba amfani, wanda ya karɓi bashi ya bar gonar, aka aiko ɗan sanda ya faɗa masa ɗaki kafin asuba, ya yi harbi, ɗan sandan ya mutu, aka yanke masa hukuncin kisa. Ƙungiyar ba ta ci nasara a kotu ba, amma ta matsa har aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, aka sake shi a 1919. Sai shari'ar Guinn ta 1915, inda Kotun Ƙoli ta rushe dabarar jihar Oklahoma ta cewa sai ka ci jarrabawar karatu za ka yi zaɓe, sai fa idan kakanka yana da ƙuri'a tun 1866, lokacin da kakannin baƙaƙe ba su da ita. Wadda aka fi warwarewa ita ce Buchanan da Warley ta 1917. Birnin Louisville ya yi doka baƙi ba zai zauna a layin da farare suka fi yawa ba. Sai aka shirya ƙarar da gangan: William Warley, shugaban reshen ƙungiyar, ya yi cinikin fili da wani dillali farar fata, Charles Buchanan, da sharaɗin ba zai biya ba sai in doka ta bar shi ya zauna a wurin. Ya ƙi biya, Buchanan ya kai shi kotu, sai ya zama farar fata ne ke kukan doka ta hana shi sayar da dukiyarsa. Storey ya tsaya a Kotun Ƙoli, alƙalai duka suka rushe dokar. Littafin ya zana wannan a matakai biyar, daga zaɓen wanda zai kai ƙara zuwa rubuta sharaɗin ciniki, kuma ya yi daidai. An rufe da Moore da Dempsey ta 1923, kan mutum shida daga cikin 12 da aka yanke wa kisa bayan rikicin Elaine a Arkansas, inda kotu ta ce shari'ar da taron jama'a ya tsaya a ƙofa yana jiran hukunci ba shari'a ba ce. An ambaci Scipio Jones, baƙin lauyan Little Rock da ya ɗauki nauyin aikin a ƙasa, abin da littattafai da yawa ke mantawa.

Littafin bai ɓoye faɗuwa ba, mun yaba da haka. A 1919 ƙungiyar ta buga ƙididdigar mutum 3,224 da taron jama'a suka kashe tsakanin 1889 da 1918. Ta tura ƙudurin Dyer na hukunta irin wannan kisa, ya wuce Majalisar Wakilai a 1922, 'yan Kudu a Majalisar Dattawa suka yi ta jan magana har ya mutu. Dokar tarayya a kan wannan laifi sai a 2022 aka sa mata hannu. Gyara ɗaya a nan na kalma ne: an fassara irin wannan kisa da rataya ko'ina. Ba duka ne rataya ba, wasu ƙonawa aka yi, wasu harbi. Abin da ya haɗa su shi ne taro ya ɗauki doka a hannunsa ya kashe wanda ake zargi ba shari'a. In aka ce rataya, yaro zai ɗauka hukuncin gwamnati ne. In aka ce ɗaukar doka a hannu, ya san abin, ya ji an yi wa wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa.

Darasi na 10 da na 11, na Najeriya, an yi su a gurguje. Sun kawo CLO, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam wadda lauyoyi Olisa Agbakoba da Clement Nwankwo suka kafa a Legas a 1987 zamanin mulkin Babangida, ta fara da fursunonin da ke tsare shekaru ba a kai su kotu ba. Daidai ne, amma minti huɗu aka ba ta. Sai NEPU, kuma nan cutar kati na 1 ta sake tashi: an ce Malam Aminu Kano ya kafa ta ya shugabance ta tun ranar farko. Mutum takwas ne suka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. A lokacin Malam yana aikin koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru, nan ƙasarmu, sai a ƙarshen shekarar ya ajiye aikin gwamnati, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Kunshin da aka buga a Gusau ya kasa ambaton Maru, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a hanyar Sakkwato, abin da ban haushi. Ya kamata kuma a gaya wa yara NEPU jam'iyya ce mai neman ƙuri'a, NAACP da CLO ba sa tsayar da ɗan takara. Shafin ƙarshe na yadda ake rajista ya tsufa: yana maganar Sashe na C, alhali tun dokar kamfanoni ta 2020 rajistar amintattun ƙungiya a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta koma Sashe na F. Buga sanarwa a jaridu biyu da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi suna nan yadda aka rubuta.

A darasin minti 40, fayil guda bai kamata a sake shi ya tafi a jere ba. Minti goma na sauraro, a tsayar, a yi tambaya biyu, a ƙara goma, sauran lokacin a bar wa allo. Sifika ƙarama ba ta cika aji mai ɗalibai 70 idan taga a buɗe take, a ɗora ta a kan tebur a tsakiyar aji maimakon gaba, a yi mata caji tun dare. Darussa 2, 3, 6 da 8 sun ishi zango ɗaya ga 'yan SS2. 'Yan ƙaramar sakandare zai yi musu nauyi, kuma darasi na 7 yana da bayanin kisa da bai dace da su ba. Ƙungiyoyin matasa da na mata su ɗauki littafin da murya, su bar katunan. Makarantar da za ta ɗauki duka ta roƙi shagon ya sake buga kati na 1, 2 da 3 da gyara, tunda fayil ɗin yana kwamfutarsu, ta kuma biya bambancin leda mai kauri. Kafin a bar shagon a ƙirga katunan, a duba tsakiyar littafin ko shafi na 31 zuwa 34 suna nan, a sa memorin a waya a buɗe fayil na ƙarshe a ji ya yi magana, domin memori na jabu yakan nuna suna alhali ciki babu komai.